Man da Ya Taya Ingila Yaƙi: Jawabi a Taron Ƙungiyar Ɗalibai



In ana zancen Yaƙin Duniya na Biyu, mun saba da jin labarin jarumtar matuƙa jiragen sama. Yau kuwa man da jiragen suka sha muke so mu duba.

Injin jirgi yakan matse fetur da iska a cikin silinda, sa'an nan fulogi ya kunna musu wuta. Gwargwadon matsi, gwargwadon ƙarfi. To, amma in mai ba shi da juriya, sai ya fashe ba bisa ƙa'ida ba, injin ya yi zafi, har fistin ya ƙone. Ma'aunin wannan juriya shi ake kira okten. A 1921 Thomas Midgley na Amurka ya gano cewa wani haɗi na dalma yana ƙara ta. Daga baya Eugene Houdry, Bafaranshe, ya ƙirƙiro sabuwar hanyar tace mai, wadda wata matata a Amurka ta soma aiki da ita a 1937.

A farkon 1940 Ingila ta mai da jiragen Spitfire da Hurricane daga mai okten 87 zuwa mai 100. Nan take injin Merlin, mai ƙarfin doki kamar 1,030, ya iya kaiwa wajen 1,300 na tsawon minti biyar in gumu ta yi gumu. Yawancin jiragen Jamus kuwa na 87 suke sha, shi ma galibi daga kwal ake tatso shi. Ingila ta teku take jigilar nata daga Amurka da Aruba da Abadan. Da aka shiga ragargazar masana'antun man Jamus a Mayun 1944, sai jiragenta suka rasa abin sha, horon sababbin matuƙa ya gurgunce.

Mu ma abin ya biyo ta ƙofarmu, domin tun 1940 jiragen da aka harhaɗa a Takoradi sukan ya da zango a Kano da Maiduguri kan hanyarsu ta zuwa Masar.

Jama'a, Jamus ba ta rasa jarumai ba. Jarumi ba ya tashi sama sai masana sun gama nasu aikin a ƙasa, kuma mallakar ɗanyen mai daban, sanin sarrafa shi daban. Wannan shi ne abin lura gare mu masu neman ilmi.