Wane Ne Ɗan Najeriya a Idon Doka?

Da yawanmu mun ɗauka takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma ce ke mai da mutum ɗan Najeriya. Ba haka tsarin mulkin 1999 ya ce ba. Sashe na 25 jini yake bi: idan mahaifinka ko mahaifiyarka ɗan ƙasa ne, kai ma ɗan ƙasa ne, ko a Maraɗi aka yanke maka cibi.

Ba'amurkiya ko 'yar Nijar da ta auri ɗanmu tana iya yin rajista ta zama 'yar ƙasa. Amma baƙon da ya auri 'yarmu sai ya shekara 15 a ƙasar, gwamna kuma ya shaida jama'ar wurin sun karɓe shi. Wannan bambanci bai dace ba.

Shugaban ƙasa na iya ƙwace shaidar zama ɗan ƙasa daga wanda aka bai wa, idan ya ci amanar ƙasa. Ta haihuwa kuwa ba mai taɓa ta. Duk da haka, a 1980 gwamnatin Shagari ta kori wani ɗan majalisar Borno mai suna Shugaba Darman zuwa Chadi, wai baƙo ne. Kotu ta dawo da shi gida.