Teɓa Iri-iri Ce: Abin da Na Koya a Jinyar Yayata

 

Da aka ce in yi magana a kan lafiya sai na yi turus, domin ni ba likita ba ne, ma'aikacin gwamnati ne mai jan fayil. To amma na yi jinyar yayata, kuma abin da na gani a wannan jinya ya cancanci a faɗa, musamman da na dubi zauren nan na ga yadda malum-malum ta ɗago a gaban yawancinmu.

Yayata tana aure a wani ƙauye kusa da Dambatta, irin ƙauyukan namu da gonar wannan ke manne da ta wancan, ba ko taku ɗaya da ba a nomawa. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma da kuɗin wannan sana'a ta sha yi mini guzurin komawa makaranta. Haihuwarta tara. Bayan ta ƙarshe fatar cikinta ta saki ta zubo har kan cinya. Da bazara gumi ya taru a ƙarƙashin fatar, wurin ya saɓule ya yi gyambo. Ga kuma cibiyarta ta kumburo, in ta ja guga sai ta ji kamar ana soka mata wuƙa. Shekara uku tana ɓoyewa don kunya, har ranar da ta kasa matsar mai. Nan ne ta ce da ni, "Ƙanena, ka kai ni a duba ni."

Na kai ta wani babban asibiti a Kano, ni kuwa a raina na riga na yanke hukunci: a zuƙe kitsen kurum, tun da na ji an ce ba a yin babban yanka. Likitan tiyata ya duba ta, sa'an nan ya zaunar da mu ya ce hanya uku ce, kuma kowace da cutar da take magani.

Ta farko ita ce zuƙar kitse. Ana huda fata kaɗan a zura siririn bututun ƙarfe a tsotse kitsen da ke tsakanin fata da tsoka. Wani likitan Faransa, Yves-Gérard Illouz, shi ya inganta wannan dabara a ƙarshen shekarun 1970. Tana amfani ga wanda fatarsa ke da sauran ƙarfin komawa. Wanda fatarsa ta riga ta saki kuwa, in aka kwashe kitsen sai ta ƙara zubowa kamar buhun da aka juye.

Ta biyu ita ce yanke fatar da ta zubo tare da kitsenta, daga wannan ƙugu zuwa wancan, a ɗinke. Tsohon aiki ne, domin tun 1899 Dokta Howard Kelly ya ba da rahoton irinsa a Baltimore ta Amurka. Manufarsa a raba mutum da nauyi da gyambo, ba a mai da shi ɗan shekara ashirin ba.

Ta uku ita ce cikakken gyaran ciki. A nan ana ɗaga fatar har zuwa ƙasan haƙarƙari, a ɗinke tsokar ciki da juna biyu ya raba, a yanke rarar fata, a buɗa wa cibiya sabuwar ƙofa. Ta fi ba da shafaffen ciki, amma ta fi daɗewa a ɗakin tiyata, ta fi tsada, kuma hatsarinta ya fi: taruwar ruwa a ƙarƙashin fata, ruɓewar bakin ɗinki, da daskarewar jini a jijiyar ƙafa wanda kan iya tafiya huhu.

Da na nace a kan zuƙar kitse don ina ganin ita ce mai sauƙi, sai na tuna da Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa na lokacin, wadda ta rasu ranar 23 ga Oktoba 2005 bayan irin wannan aiki a Marbella ta ƙasar Sifen. A 2009 kotu ta sami likitan da laifin sakaci, domin bututun ya shiga cikin ciki ya huda hanji ya yanki hanta. Ashe ƙaramar huda ba ta nufin ƙaramin hatsari.

Mijin Yaya kuma damuwarsa daban: kada a ce an canza halittar Allah. Mun tambayi malamai, suka bambanta mana neman magani da neman ado. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta tiyatar da ake yi don kawar da cuta ko gyara lahani.

Yaya ce ta raba gardama da tambaya ɗaya. Ta ce, "Likita, wanne ne zai bar ni in koma kan turmina?" Ya ce na biyu, a haɗa da gyaran ƙabar cibiyar, tun da ita ce ke iya shaƙe hanji wata rana. Amma da sharaɗi: sai gyambon ya warke, sai jininta ya ƙaru, sai ta tabbatar ta gama haihuwa, kuma mako shida ba daka, ba jan ruwa, ba ɗaukar itace. Saboda haka muka jira aka gama kaka, amfani ya shiga rumbu, 'yarta ta zo ta riƙe gidan. An yi aiki lafiya. Ruwa ya taru sau ɗaya aka zuƙe da sirinji. Tabon yana nan dogo, cikin kuma bai shafe ba, amma gyambo ya tafi, ƙuli-ƙulinta ya koma kasuwa.

Saura nawa labarin. Kafin mu fito na shafa tumbina na ce, "Likita, ni fa?" Ya sa hannu ya matsa, ya yi dariya ya ce, "Malam, naka ba na wuƙa ba ne." Kitsen yawancin maza yana can ciki ne, kewaye da hanji da hanta, inda bututu ba ya zuwa, kuma shi ne abokin tafiyar ciwon suga da hawan jini. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2004 ya nuna cewa matan da aka zuƙe wa kitse mai yawa, sugansu da hawan jininsu ba su gyaru ba. Ya ba ni awo mai sauƙi: ka yanki igiya daidai tsawonka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka. In ba ta haɗu ba, to ka rage lomar tuwon dare da lemon kwalba, ka koma tafiyar ƙasa. Tawa ba ta haɗu ba. Mu da muka taso muna bin jaki da mangalar taki zuwa gona, yau masallacin unguwa ma sai da mota.

Roƙona biyu ne. Wanda duk aka ce za a yi wa irin wannan aiki, ya tambayi me ke cikin nasa, ya tabbatar likitan ƙwararren mai tiyata ne mai rajista, a asibitin da ke da mai ba da maganin barci da kuma jinin ko-ta-kwana. Sa'an nan in kun je gida ku tambayi iyayenmu da yayyenmu mata lafiyarsu, ku sake tambaya, domin kunya kan hana su faɗa a karon farko.