Mefiboshet da 'Ya'yanmu da Suke Cin Abinci Su Kaɗai

Karatu: 2 Sama'ila 4:4, 9:1-13



Mefiboshet yana da shekara 5 aka kawo labari cewa mahaifinsa Jonatan da kakansa Saul sun mutu a yaƙi. Mai renonsa ta ɗauke shi za ta gudu, ya faɗi, ya gurgunce. Ya girma a Lodebar, a gidan wani. Ranar da ya tsaya gaban Dawuda, sai ya kwatanta kansa da mushen kare. Wa ya koya masa ya ga kansa haka?

Irin waɗannan yara suna cikin gidajenmu. Tun 1986 da aka sanar da ɓullar cutar ƙanjamau a Nijeriya, ikilisiyoyinmu sun binne iyaye da yawa. Binciken gwamnati na 2018 ya nuna wajen mutum miliyan 1.9 suna ɗauke da ƙwayar cutar. Wani yaro da ita aka haife shi. Wani ba shi da ita, amma shi ne ya yi jinyar uwarsa, ya bar makaranta, daga baya aka kai shi gidan kawu, inda ake ware masa kwano da cokali. Mu faɗa a fili: ba a ɗaukar cutar ta cin abinci kwano ɗaya, ko ta gaisawa, ko ta cizon sauro. Ware kwanon nan ba ya kāre kowa, zuciyar yaron kawai yake karyawa.

Yaron da aka hana shi yin maganar abin da yake cinsa zai nemi abin da zai sa shi mantuwa. A bakin kasuwa kuwa akwai masu jiransa da tiramol, da wiwi, da sholisho, da giya mai arha. A 2018 gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin, amma doka ba ta shiga ɗakin da yaro yake kwance ido biyu har asuba. Mu kuma sai mu ce ya lalace, mu kai sunansa gaban dattawa domin horo. Kafin horo, wa ya zauna ya tambaye shi yaushe rabonsa da barci?

Ga mai shan maganin ƙanjamau hatsarin ya ninku. Maganin yana so a sha shi kowace rana. Wanda ya bugu yakan manta, idan kuma ana sha ana tsallakewa, ƙwayar cutar takan yi ƙarfi har maganin ya daina yi mata aiki. Amma wanda ya riƙe shi da aminci har gwaji ya daina ganin ƙwayar a jininsa zai iya yin karatu, ya yi aure, ba kuwa zai sa wa matarsa ba. Matasa da yawa ba wanda ya taɓa gaya musu wannan. Wasu ma ana ba su ƙwaya tun suna ƙanana da sunan maganin ƙarin jini, sai sun kai shekara 15 su ji gaskiya a bakin maƙwabta. Iyaye, ku nemi ma'aikatan asibiti su taimake ku gaya musu da wuri, kaɗan kaɗan.

Ku lura, Mefiboshet bai nemi Dawuda ba. Dawuda ne ya yi cigiya, ya aika aka kawo shi, ya kira shi da sunansa, ya mayar masa da gonakin kakansa, ya zaunar da shi a teburinsa kamar ɗan sarki. Ƙafafunsa ba su warke ba, nassin ya sāke faɗar haka a aya ta 13. (Maganar gona kuwa, dangin da suka cinye gādon marayu su karanta aya ta 7 da kyau.)

Idan kun ga yaro ya daina ci, ya janye daga abokai, ko yana cewa gara ya mutu, kada ku bar shi shi kaɗai a daren. Ku kawar da maganin ƙwari da sauran magunguna daga inda zai kai hannu, ku yi addu'a tare da shi, ku kai shi asibiti ba jinkiri. Akwai asibitin masu taɓin hankali na tarayya a Barnawa, Kaduna, akwai kuma likitocin wannan fanni a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. Wanda ya daɗe yana shan tiramol ko giya mai yawa, kada a ɗaure shi da sarƙa a ce ya bari yau yau. Yankewa farat ɗaya na iya jefa jikinsa cikin hatsari, likita ne zai rage masa a hankali.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba 1 Sarakuna sura 19, inda annabi Iliya ya roƙi mutuwa. Ku karanta ta tare da yaranku kafin lokacin.