Yaron da Bulala Ba Ta Gyara Shi



Kowace unguwa tana da yaron da ake kira gagararre, amma gagara iri-iri ce. Akwai mai saurin fushi, wanda zai fasa wa wani baki, anjima ka same shi a bayan ɗaki yana kukan nadama. Akwai kuma wanda zai mintsini ƙaninsa har ya ƙwalla ƙara, ya tsaya yana kallonsa ko a jikinsa. A tambaye shi, ya shirga ƙarya ido cikin ido. A zane shi, ya kaɗe riga ya koma inda ya tsaya. A kan wannan na biyun zan yi magana yau.

Masana halayyar ɗan Adam, musamman Paul Frick na Amurka, sun daɗe suna nazarin wannan ƙeƙashewar zuciya. A shekarar 2013, kundin DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ya ware mata alamomi huɗu: rashin nadama, rashin tausayi, halin ko-in-kula idan aikin yaro ya lalace, da ƙarancin motsin zuciya na gaskiya. Sai an ga aƙalla biyu daga ciki, tsawon wata 12, a gida da waje, kafin likita ya ce uffan. Saboda haka kada wani ya tashi daga nan ya je ya laƙaba wa ɗansa suna don rashin ji na kwana biyu.

Gado yana da hannu a ciki, babu tantama. A 2005, Essi Viding da abokan aikinta a Landan sun binciki dubban tagwaye 'yan shekara 7, suka gano cewa kusan kashi biyu cikin uku na bambancin da ke tsakanin yara a wannan hali daga gado yake. Hotunan ƙwaƙwalwa kuma sun nuna cewa sashen da ake kira amigdala, wanda ke zabura idan mutum ya ga tsoro a fuskar wani, ba ya motsi sosai a irin waɗannan yara. Mark Dadds na Ostareliya ya nuna wa yara maza hotunan fuskoki. Masu wannan hali suka kasa gane fuskar mai jin tsoro, amma da aka ce musu su dubi idanu, sai suka gane.

Daga nan za mu fahimci dalilin da ya sa duka ba ya yin komai. Bulala da tsoro take aiki, shi kuwa wannan yaro tsoron ne ya yi masa ƙaranci. Uba ya fara da tsumagiya, ya koma dorina, ya kai ga wayar wuta. Darasi ɗaya yaron yake ɗauka: mai ƙarfi shi ke dukan marar ƙarfi. Ko horon da babu duka a cikinsa, na keɓe yaro shi kaɗai na 'yan mintoci, Dadds da David Hawes sun ga ba ya tasiri sosai a kan irin waɗannan yara. Yabo da tukuici su suka yi aiki.

Wani zai ce ai hali zanen dutse. Ban yarda ba. A 2016, Luke Hyde da Rebecca Waller da abokan aikinsu sun fitar da sakamakon bin diddigin iyalai 561 a Amurka da suka karɓi jarirai riƙo tun daga haihuwa. 'Ya'yan matan da ke da tarihin ta'adi sun fi nuna alamun ƙeƙashewar zuciya, duk da ba a hannunsu suka tashi ba. Amma inda uwar riƙo take yawan yaba wa yaro in ya yi daidai, tasirin gadon ya ragu ƙwarai. A 2018 aka dubi tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda gadonsu ɗaya ne, aka ga wanda ya fi shan tsawa da ƙarancin jan jiki shi ya fi nuna wannan hali.

Mu da muke ba da 'ya'ya riƙo, wannan magana ta shafe mu. Ga kuma kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. A babban gida wannan bai zama illa ba, don kaka da gwaggo suna nan suna goya shi suna yi masa kirari. To, a gidan haya na birni, ciki da falo, wa zai maye gurbinsu? Haka nan muna ƙyashin yabo, wai kada kan yaro ya kumbura.

Ranar da yaro ya gutsura wa ƙanwarsa ƙosai ba tare da an sa shi ba, uwa, ki ce masa nan take: “Na ga abin da ka yi, Allah ya yi maka albarka.” Ranar da ya cuci wani, malam, ka durƙusa daidai tsayinsa, ka sa ya dubi idanun wanda ke kukan, sannan ka hana shi abin da yake so, ba tare da hargowa ba, kuma gobe ma haka.

Idan kuwa abin ya kai ga azabtar da dabbobi ko raunata yara da gangan, don Allah kada a kai shi gidan mari. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri. Ku kai shi tun yana ɗan shekara biyar ko shida, kuma ku je tare, uwa da uba, don rabin maganin ku za a koya wa.