WANE MAI ZA A SHAFA WA KATAKO?

Ga jawabin da wani babban kafinta na unguwar Lazare, cikin birnin Yamai, ya yi wa ɗaliban yaƙi da jahilci.



Akwai wani ɗan zarto mai siririn baki kamar zare. Wani da hannu ake jan shi, wani da lantarki. Da shi kafinta yake yanka zane cikin katako marar kauri. Yana fidda haruffa don koyon karatu, da kayan wasan yara, da gidan hoto, da allon suna na shago.

Yanka rabin aiki ne. Katakon da ba a shafa ma komi ba, ba ya daɗewa. Da damina ya sha laima ya kumbura. Da hunturu ya bushe ya tsage. Mai saye ya yi asarar kuɗinsa, kafinta ya yi asarar sunansa.

Kafin kafinta ya buɗe gwangwani, sai ya tambayi kansa: ina wannan abu za shi zauna, kuma wa za ya taɓa shi? Amsar ita ce za ta zaɓa masa abin shafawa.

Abin da yaro za ya sa a baki, ko abin da za ya taɓa abinci, kakin zuma da man kaɗe sun ishe shi. A narka kaki kashi 1 cikin mai kashi 4 bisa wuta kaɗan. In ya huce a shafa da tsumma, a goge sosai. Kada a sa man gyaɗa, don yana yin wari in ya daɗe.

Abin ado na cikin ɗaki, kamar gidan hoto, man lin ya dace da shi. Ana saida shi a shagon kayan gini. Yana shiga cikin katako, ya fiddo jan maɗaci da kyau. Amma ba na kayan abinci ba ne, don ana zuba ma wani maganin bushewa.

Abin da za ya zauna waje, kamar allon shago, sai fenti ko bernis, wato man nan mai ƙyalli da ke rufe katako kamar fata.

A yi hattara da fenti. Wani yana da dalma a ciki, tun ba ja da rawaya ba. Dalma guba ce, tana lalata ƙwaƙwalwar yaro. A shekarar 2010 ta kashe yara fiye da 400 a jihar Zamfara ta Nijeriya. Can daga dutsen zinari ta fito, amma gubar ɗaya ce. Wanda ya iya karatu sai ya duba rubutun gwangwani. In bai tabbata ba, kada ya shafa ma kayan yara. Baƙin man mota ma haka, ba ya shiga ɗakin da yara suke.

Ga yadda ake aikin:

1. A tabbata katako ya bushe sarai.

2. A goge shi da takardar yashi mai lamba 120, sannan mai lamba 220. A bi tsawon jijiyar katako, kada a gitta ta.

3. Cikin ƙananan ramukan zane, a naɗe takardar a jikin tsinke a goge.

4. A share ƙura duka da tsumma mai tsabta.

5. A shafa kaɗan kaɗan. Cikin ramuka a yi aiki da gashin kaza ko ɗan ƙaramin buroshi. Bakin da zarto ya yanka ya fi shan mai, sai a ƙara masa.

6. In man lin ne, bayan minti 15 a goge wanda bai shiga ba. In an bar shi, sai ya yi danƙo.

7. A shafa gaba da baya. In gefe ɗaya aka shafa, katako ya lanƙwashe.

8. A bari kwana 1, a sake shafawa. Sau 2 ko 3 ya isa.

Kada a yi aikin cikin rana, ko ranar da iska ke ɗauke da ƙura. A nemi inuwa inda iska ke shiga. Kada a sha taba kusa, kada a hura wuta kusa.

Ga gargaɗi na ƙarshe. Tsumman da ya sha man lin, in an dunƙule shi an aje, yana yin zafi da kansa har ya kama wuta. Rumfar zana kuwa ba ta jiran a ɗebo ruwa. A shanya tsumman a fili shi kaɗai, ko a tsoma shi cikin bokitin ruwa.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. Wanda ya ji wannan magana ya faɗa ma wanda bai zo ba. Allah ya sa albarka cikin sana'a.