Kwana 87 ɗanyen mai yana tuttuɗowa cikin teku: darasi ga matasan Nijar



Yau zan kai ku nesa, can tekun Mekziko da ke kudancin Amurka. Ranar 20 ga Afrilu 2010, dandamalin haƙar mai da ake kira Deepwater Horizon, wanda ke yi wa kamfanin BP aiki, ya yi bindiga ya kama da wuta. Ma'aikata 11 suka mutu. Bayan kwana biyu dandamalin ya nutse, ya bar bakin rijiyar a buɗe a ƙarƙashin ruwa, zurfin kusan mita 1,500. Sai ranar 15 ga Yuli aka iya toshe ta.

Gwamnatin Amurka ta ƙiyasta ganga miliyan 4.9 ce ta fita daga rijiyar. Ku auna da abin da kuka sani: matatarmu ta Soraz a Damagaram an gina ta ne don tace ganga 20,000 a rana. Ke nan abin da za ta tace cikin wata takwas, shi ne ya kwarara.

To ina ya tafi? Ya shafi gaɓar teku sama da kilomita 2,000. Tsuntsu irin kwasakwasa, in mai ya manne a gashinsa, sanyi ne ke shigarsa, ba tashi ba iyo, har ya mutu. Kunkuran teku da dolfin sun mutu da yawa. A fadamun Luwiziyana ciyawa ta bushe, kuma saiwarta ce ke riƙe ƙasa, sai ruwa ya yi ta cin gaɓa. An hana su a yanki mai faɗin gaske, masunta suka zauna hannu rabbana. An kuma zuba lita kusan miliyan 7 ta wani sinadari mai tarwatsa mai. Ido ya daina gani a sama, amma man ya bazu cikin ruwa.

A 2014 kotu ta ce BP ya yi mugun sakaci. Daga baya ya amince zai biya sama da dala miliyar 20. Kun ga, can akwai kotu mai ƙarfi da ƴan jarida masu bin diddigi, duk da haka sai da aka yi shekaru ana ja.

Wani zai ce, mu da ba mu da teku, ina ruwanmu? Muna da rijiyoyi a Agadem. Muna da bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 da ya ratsa gonaki da makiyaya har Seme a Benin, inda ake ɗura manmu cikin jiragen ruwa. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Don haka mu riƙa tambayar mahukunta da kamfanoni: ina rahoton binciken illa ga muhalli, talaka zai iya ganinsa? In bututu ya fashe kusa da rijiyar gari, wa za a kira, cikin awa nawa zai iso? Wa zai biya manomi da makiyayi? Mu nemi amsa a rubuce tun kafin wani abu ya faru.

Allah ya kiyaye ƙasarmu.