Allon da Ke Jikin Turke: Jawabi ga Sababbin Masu Zaɓe na Babban Birnin Tarayya

 

An riga an yi muku bayani a kan rajista, da na'urar BVAS, da yadda ake dangwala ƙuri'a ba tare da ta lalace ba. Nawa rabon a wannan zama ƙarami ne a ido. Zan yi magana a kan alluna da takardun da ake maƙalawa a jikin turaku da igiyoyin da ke tsara layi a rumfar zaɓe. Wani zai ce, har wannan ma ya kai a tara jama'a a kansa? Ya kai. Mutum na iya yin rajista a kan kari, ya karɓi katinsa, ya yi sammako, ya sha rana har awa huɗu, sannan ya koma gida bai kaɗa ƙuri'a ba, alhali babu wanda ya tare masa hanya. Layin da ya tsaya ne ba nasa ba, kuma babu allon da ya faɗa masa haka tun da wuri.

Ku tambayi iyayenku, za su ba ku labarin ƙato-bayan-ƙato. A farkon shekarun 1990, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Humphrey Nwosu ke shugabancin hukumar zaɓe ta wancan lokaci, wato NEC, an yi zaɓuɓɓuka da wannan tsari. Jam'iyyu biyu ne kacal, SDP da NRC. Sai a kafa hoton ɗan takara ko alamar jam'iyyarsa, masu goyon bayansa su jeru a baya, a bi su ana ƙirga kawuna a bainar jama'a. A wancan zamani allon da ke gaban layi shi ne ƙuri'ar kanta. Tsarin yana da amfaninsa, domin kowa ya ga ƙidaya da idonsa. Amma ku dubi halin ɗan haya da mai gidansa ke kallon layin da zai shiga, ko ƙaramin ma'aikaci da shugabansa ke tsaye a gefe, ko matar da ra'ayinta ya saɓa da na mijinta. Yau an raba layi da ƙuri'a. Layi a fili yake, ƙuri'a kuwa sirri ce tsakaninka da takarda. Saboda haka allon da ke jikin turke aikinsa ya nuna maka inda za ka tsaya da inda za ka dosa, ba shi da ta cewa a kan wanda za ka zaɓa.

Wannan magana doka ce. Dokar Zaɓe ta 2022 ta haramta neman ƙuri'a, da rera taken jam'iyya, da nuna hoto ko alama ko katin jam'iyya a rumfar zaɓe, ko a cikin tazarar mita 300 daga gare ta, a ranar zaɓe. Idan kuka ga hoton ɗan takara a ɗaure jikin sandar layi, ko tutar jam'iyya a rataye a igiya, ku tabbata ba Hukumar INEC ta sa ba, kuma kuna da ikon ku nuna wa shugaban rumfa ya sa a cire. Hular jam'iyya da rigarta ma ku bar su a gida.

To, me ya sa batun allo ya fi tsanani a Abuja? A shekarar 2021 Hukumar ta ƙara yawan rumfunan zaɓe na ƙasa zuwa 176,846. A nan Babban Birnin Tarayya rumfuna 562 ne a da, suka koma 2,822, a warwatse cikin mazaɓu 62 na ƙananan hukumomi shida: Abaji, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da AMAC. An yi haka ne don rage cunkoso, domin unguwanni irin su Kubwa, Nyanya, Karu, Lugbe da Gwarinpa sun tumbatsa, rumfa ɗaya ta kasa ɗaukar jama'arta. Sai dai gyaran ya zo da nasa nauyin. Yanzu a harabar makarantar firamare guda za ka iya tarar da rumfuna da dama, wannan a gindin bishiya, waccan a barandar aji, wata a bakin ƙofa, sunayensu kusan iri ɗaya, bambancin kawai lamba. Ma'aikatan duka rigarsu iri ɗaya, akwatunan iri ɗaya. Wanda ya shigo ya ga dogon layi sai ya bi bayan mutane, yana zaton inda jama'a suka yi yawa nan ne daidai. Sai ya kai gaban tebur, a duba na'ura a ce babu sunansa, domin kowace BVAS rajistar rumfarta kaɗai take ɗauke da ita. Babu roƙon da zai sa ta karɓe shi. Dole ya koma ƙarshen wani layin.

Ku ciro katunanku ku duba. Akwai jerin lambobi kashi huɗu: na farko na jiha ne, kuma lambar Babban Birnin Tarayya 37 ce, na biyu na ƙaramar hukuma, na uku na mazaɓa, na ƙarshe, mai lamba uku, shi ne na rumfarka. Wannan na ƙarshen za ka nema a jikin allo kafin ka sa ƙafa a layi. Amma a kula, gabanin babban zaɓen 2023 an mayar da wasu masu zaɓe daga rumfunan da suka cika zuwa sababbi da ke kusa, ga shi kuwa katin da ke hannunsu tsohuwar lamba yake nunawa. Don haka ku duba shafin Hukumar a intanet tun kafin ranar, sannan idan kun isa ku nemi sunanku a rajistar da ake liƙawa a bango. Idan har yanzu da shakka, akwai mataimakin shugaban rumfa da aikinsa ke nan, kula da layi da duba ko mai zaɓe ya zo inda ya dace. Matambayi ba ya ɓata.

Yanzu bari mu zo ga yadda ake kafa allon, domin a nan ne aiki ke kyau ko ya ɓaci. Kun saba ganin turakun ƙarfe a banki, ko a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, masu faffaɗan gindi mai nauyi, da ɗamarar da ake ja daga wannan zuwa wancan, da ɗan gidan allo a ka. Waɗannan a cikin gini suke, ƙasa a shafe, babu iska. Rumfar zaɓe kuwa mafi yawanci a fili take. Turkenta sanda ce da aka kafa, ko ƙafar benci, ko gindin darbejiya, ko ginshiƙin baranda, shingenta kuma igiya. Masu kafawa, galibinsu matasa ne 'yan'uwanku masu yi wa ƙasa hidima, sun kwana a cibiyar rarraba kaya, sun iso da sassafe, ga jama'a na jiran su. Ba laifi ba ne ku san yadda aikin ya kamata ya kasance, ko don wata rana wasunku ne za su yi shi.

Abu na farko tsawo. Da safe, fili babu kowa, takardar da aka liƙa daidai ƙirji tana bayyana sarai. Da mutum ɗari biyu sun tsaya a gabanta, ta ɓace. Allon lambar rumfa sama da kawunan mutane ya kamata ya zauna, lambar kuma a rubuta ta da girma da kaurin tawada, yadda wanda ke bakin ƙofar makaranta zai hango ta. Sannan fuskarsa ta dubi inda jama'a ke shigowa. Sau da yawa akan juya shi ya kalli tebur, wato ya kalli waɗanda ba su da buƙatarsa. Kuskuren da ya fi wannan shi ne a ajiye allo ɗaya tak a kan layi. Wanda ya kai kan layi ai ya riga ya gama shan wahala. Wutsiyar layi ce ke buƙatar allo, domin a nan sabon zuwa ke yanke shawarar tsayawa, ita kuwa wutsiya ba ta zama wuri ɗaya, tana ƙara nisa yayin da rana ke ɗagawa. Shi ya sa sanda mai allo da za a iya ɗagawa a matsar ta fi takardar da aka manne a bango amfani.

Sai iska. Zaɓuɓɓukanmu sukan faɗo a watan Fabrairu. Na ƙananan hukumomin Abuja an yi shi ranar 12 ga Fabrairun 2022, na shugaban ƙasa kuma ranar 25 ga Fabrairun 2023. Lokaci ne na ƙarshen hunturu, ga ƙura ga iska, ga zafi ya fara. Salatif ba ya kama bango mai ƙura, gam kuma yakan saki idan rana ta dake shi. Takarda zalla kan naɗe ko ta yage, sai an ɗora ta a kan kwali ko falange. A ɗaure ta wuri biyu, sama da ƙasa, domin allon da aka rataye da igiya ɗaya juyawa yake yi. Ku yi tunanin allo mai kibiya da iska ta juya: rubutunsa daidai, amma yana aika mutane wata rumfar. Gara babu allo da irin wannan. Gindin sandar kuma a danne shi da duwatsu ko buhun yashi, kada turereniya ta kayar da ita a kan wani, a kuma lanƙwashe bakin waya ko ƙusa ciki, kada ya yagi riga ko mayafi.

Igiyar ma tana da nata hukuncin. Siririyar igiya ba ta ganuwa sosai, tsoho ko mai raunin gani zai iya harɗewa da ita, sai a ɗaura mata ƙyallaye masu haske. A bar tazara tsakanin turaku yadda keken guragu zai wuce ba tare da an kwance komai ba. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, Hukumar ta fito da tsarin layi biyu, na waje da na ciki, ana shigo da masu zaɓe kaɗan-kaɗan, aka yi aiki da shi a zaɓen gwamnonin Edo da Ondo. Dalilin lafiya ne ya kawo shi, amma ya nuna cewa idan aka nisanta taro da tebur, ma'aikata sun fi samun sukunin aiki, kuma mai dangwala ƙuri'a ba ya jin numfashin wani a ƙeyarsa.

Akwai allunan da ke raba layi, kuma su ne suka fi jawo gardama. Doka ta ba shugaban rumfa ikon raba layin maza da na mata a inda al'adar wurin ba ta yarda da cuɗanya ba. Haka kuma ana gabatar da masu buƙata ta musamman, da tsofaffi, da masu juna biyu, da masu goyo. Idan an rubuta wannan an kafa tun safe, kowa ya shiga layi da saninsa. Idan ba a kafa ba, duk lokacin da aka wuce da wata tsohuwa gaba sai an ji guna-guni, ana cewa an yi son kai. Ku kada ku shiga cikin masu guna-gunin. Hukumar tana kuma tanadar takardar bayani a rubuce domin kurame, da madubin ƙara girman rubutu domin zabiya da masu raunin gani, da majagabar rubutun makafi. Amma makaho ba ya ganin allo komai girmansa, kuma a garin da Gbagyi da Gade da Gwandara da Bassa da Hausawa da sauran al'ummar Nijeriya ke tsayawa layi ɗaya, ba kowa ke karanta Turanci ba, wasu ma ba su karanta boko sam. Ku da kuka yi karatu, ku karanta wa na kusa da ku lambar rumfa, ku duba masa ko ta dace da tasa. Taimakon ya tsaya nan. Kada ya zarce zuwa raɗa masa sunan jam'iyya.

Idan kuka ga allo ya faɗi ko ya karkace, kada ku gyara da hannunku, ko da niyyarku mai kyau ce. Ku kira ma'aikacin zaɓe ya gyara a gaban wakilan jam'iyyu da masu sa ido. Dalili shi ne, idan aka bar kowa ya taɓa allo, to mai mugun nufi ma ya samu ƙofa: ya musanya lambobin rumfuna biyu, jama'a su wuni a layin da ba nasu ba, wasu su gaji su tafi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwace kayan zaɓe ko lalata su kuwa laifi ne mai hukunci.

Ana buɗe rumfa da ƙarfe 8:30 na safe, a rufe layi da ƙarfe 2:30 na rana. A wannan lokaci jami'in tsaro kan tsaya a bayan mutum na ƙarshe, ya zama shi ne turke kuma shi ne allo. Duk wanda ke gabansa zai kaɗa ƙuri'a ko da dare zai yi, wanda ya zo bayansa kuwa ya makara. Nan ne haɗarin da na fara da shi yake cika: wanda ya gano kuskuren layinsa da ƙarfe uku, ya garzaya rumfarsa ta gaskiya, zai tarar an rufe.

Da ka wuce igiya, karatu bai ƙare ba. Ba a shiga wurin dangwala ƙuri'a da waya ko na'urar ɗaukar hoto. Abuja ba ta da gwamna ko majalisar jiha, don haka a babban zaɓe akwatuna uku za ku tarar: na shugaban ƙasa, na sanata, da na ɗan majalisar wakilai, kowanne da rubutunsa da launin murfinsa. Ku karanta kafin ku jefa.

Takarda ta ƙarshe da ake liƙawa ita ce ta sakamako. Bayan an ƙirga ƙuri'u da babbar murya, an cike fom EC8A, wakilan jam'iyyu sun sa hannu, shugaban rumfa yakan rubuta adadin a babbar takarda mai suna EC60E ya manna ta inda kowa zai gani. Wannan kam ku ɗauki hotonta, ku tabbata lambar rumfar ta fito a cikin hoton, sannan ku gwada ta da abin da aka ɗora a shafin IReV na Hukumar.

 Mai tambaya ya ɗaga hannu.